Ƙofar Gari: Ta Na Ciki Ce Ko Ta Na Waje?

Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ni kuwa abin da tawa tafiyar ta buɗe mini tambaya ce wadda na ɗauko daga bakin wata tsohuwar ƙofa a birnin Kano, na kawo ta gida unguwarmu Wuro Patuji da ke Mubi, har yau ban daina juya ta a rai ba. Tambayar ita ce: da kakanni suka gina ganuwa suka bar mata ƙofa, wa suka yi wa ƙofar? Wanda ke ciki yana tsoro, ko wanda ke waje yana neman shiga? Kuma mu da muka gaji ƙofofin da ba su rufuwa, mene ne haƙƙinsu a kanmu? Wannan ƴar maƙala ƙoƙari ne na amsa waɗannan tambayoyi gwargwadon hali, ina kuma roƙon mai karatu ya yi mini rakiya da haƙuri.

A Bakin Ƙofa

Na tashi a garin da ban san ganuwa ba. Mu a ƙasar Mubi duwatsun Mandara ne garkuwar mutanen da, in yaƙi ya taso sai a haye dutse. Saboda haka ranar da na bi titin da ya tashi daga Gidan Murtala zuwa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, ina wuce Ƙofar Ɗan'agundi da Ƙofar Na'isa da Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo ɗaya bayan ɗaya, sai na ji kamar ana karanta mini wani littafi da ban taɓa buɗewa ba. A Dukawuya na tsaya. Na shiga cikin tsohuwar ƙofar ta ƙasa, na ɗora tafin hannuna a jikin bangon, na ji sanyinsa duk da zafin rana. Faɗinta bai wuce na raƙumi da kayansa ba. Daga gefe kuwa motoci da babura na ta wucewa, ba mai waiwayen ta.

Wani dattijo na zaune a inuwa yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya dube ni ya ce, "Samari, daga ina?" Na ce, "Baba, daga Mubi nake." Ya yi murmushi ya ce, "Ka sha hanya. Da a zamanin kakanninmu ne ka iso bayan almuru, da a waje za ka kwana, ko ɗan wane ne kai." Na ce, "Baba, ashe ba a tausayin baƙo ke nan?" Ya ce, "Ɗana, wanda ya rufe ta da dare ai shi ne zai buɗe maka da asuba. Ka taɓa jin an naɗa Sarkin Bango? Sarkin Ƙofa ake naɗawa."

Wannan magana ta dattijo ita ce tushen duk abin da zan faɗa.

Abin Da Tarihi Ya Ce

Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwar birni. An faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), aka sake faɗaɗa ta a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Da Turawa suka iso a 1903, Lugga ya rubuta cewa kewayen ganuwar ya kai mil 11, tana da ƙofofi 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurin gindinta kuwa kimanin ƙafa 40. Duk wannan da tubalin ƙasa aka yi shi, da hannun mutane, kwando bayan kwando. Ba Kano kaɗai ba: Katsina na da Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Ƴanɗaka, Zariya na da Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana, da sauransu.

Abin lura shi ne, ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Akwai gonaki da makiyaya da kududdufai a cikinta, domin in yaƙi ya zo, mutanen ƙauyuka su kwaso iyalansu da dabbobinsu su shigo, a samu abin ci ko da zaman ya yi tsawo. Wato tun a wajen aunin fili magina sun yi lissafi da mutanen da ba ƴan birni ba. A lokacin lumana kuma ta waɗannan ƙofofi ne ayarin fatake ke shigowa da gishirin Bilma da goron Gwanja da hajar Larabawa, su nufi Kasuwar Kurmi. Ta nan malaman Wangarawa suka shigo da littattafansu, ta nan Shehu Maghili ya shigo zamanin Rumfa. Baturen nan Barth, wanda ya iso Kano a 1851, kuma a shekarar ya ratsa ƙasarmu ta Mubi a kan hanyarsa ta zuwa Yola, shi ma ta ƙofa ya shiga. Babu shakka da an toshe ƙofofin nan gaba ɗaya don tsoron abokan gaba, da Kano ba ta zama Kano ba.

To ga kuma ɗaya fuskar. Ranar 3 ga Fabrairu, 1903, rundunar Kanar Morland ta tsaya a bayan ganuwar, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Harsasan igwa ba su yi wa jikin badala komai ba, ƙasa ta haɗiye su. Sai da aka juya bakin igwa kan ƙyaure a Ƙofar Kabuga sannan aka samu hanyar shiga, kuma a ranar birni ya faɗi, Sarkin Shanu da aka bar wa tsaron gari ya rasu yana kare fada. Ashe wurin da alheri ke shigowa, nan ne kuma wurin da gari ya fi rauni. Wannan ita ce matsalar da babu wata al'umma da ta kuɓuta daga gare ta: duk abin da ka bari a buɗe domin arziki ya shigo, ta nan tsiya ma za ta iya shigowa.

Darasi Daga Wuro Patuji

Wannan magana a wajena ba tatsuniya ba ce. Daren 1 ga Oktoba, 2012, ranar da ake bikin samun ƴancin kan Nijeriya, wasu ƴan bindiga suka shigo unguwarmu, inda ɗaliban makarantun Mubi da dama ke haya. Suka bi gida gida, ɗaki ɗaki. Rahotanni sun nuna cewa suna kiran sunaye kafin su yi kisa. Aƙalla mutum 25 suka rasa rayukansu a daren, mafi yawansu ɗalibai, ƴaƴan mutane da suka zo neman ilimi daga garuruwa dabam-dabam, wato baƙinmu. Bayan shekara biyu, a ƙarshen Oktoba 2014, mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi ɗungurungum, har suka sake mata suna. Jama'a suka watse, wasu suka haye duwatsu suka nufi Kamaru da ƙafa, wasu suka yi Yola, sai a watan Nuwamba aka ƙwato garin.

Da mutane suka dawo, abin da kowa ya fara tunani shi ne katanga. Wanda zana ce ta kewaye gidansa ya nemi bulo, mai bulo ya ƙara tsawo, ya dasa fasassun kwalabe a kai. Ƙyauren langa-langa ya koma na ƙarfe mai sakata uku. Zauren da a da almajiri ko matafiyi ke shimfiɗa tabarma ya kwana ba tare da an tambaye shi sunan ubansa ba, aka sa masa kwaɗo. Ban ga laifin kowa ba, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni kaina na taya ɗaukar bulo a gidanmu.

Amma da na tsaya a Dukawuya sai wani tunani ya zo mini wanda ya hana ni sakat. Da a ce Wuro Patuji na da ganuwa mai tsayin ƙafa 50 a wancan dare, da ta tsare yaran nan? Wanda ya zo da sunanka a bakinsa, ya san ɗakin da kake kwana, ba tsayin bango ne zai hana shi ba. Masu iya magana sun riga sun faɗa: da ɗan gari akan ci gari, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon da ake nufi a nan shi ne amanar da ke tsakanin maƙwabci da maƙwabci.

Daɗin daɗawa, abin da ya ceci mutanen Mubi a 2014 ƙofofi ne da aka buɗe. Mafi yawan waɗanda suka gudu ba a sansani suka zauna ba, a gidajen mutane suka sauka, na dangi da na waɗanda ba su taɓa gani ba. Gida mai ɗaki uku ya ɗauki iyali huɗu. A Yola masallatai da majami'u sun cika da ƴan gudun hijira, babbar majami'ar Katolika ta garin ta saukar da dubban mutane, kuma daga baya limaminta, Bishof Stephen Mamza, ya gina wa waɗanda suka kasa komawa gida matsuguni, har da masallaci domin Musulmin cikinsu. Da kowa a Yola da ƙauyukan Kamaru ya yi irin lissafin da muka yi bayan mun dawo, ya ce baƙo haɗari ne, ya danna sakata, da mutanenmu a daji za su ƙare. Wannan ne ya sa nake jin kunya idan na tuna cewa mu da aka buɗe wa ƙofa, mu ne kuma muka fi kowa saurin rufe tamu.

Tsakanin Tsoro Da Karimci

A nan wani zai ce, to me kake so? A bar ƙofa a hangame har a sake yi mana abin da aka yi? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Tsare rai da iyali wajibi ne a kan kowane magidanci, kuma mutumin da ya bar gidansa a buɗe ga kowane mai mugun nufi ba karimci ya yi ba, sakaci ya yi da amanar da aka ba shi. Kakanninmu ma ba su yi haka ba. Sun rufe ƙofa da dare, sun haƙa rami a bayan ganuwa, sun dasa sarƙaƙiya.

Bambancin da ke tsakaninmu da su shi ne, su sun ajiye mutum a bakin ƙofa. Bango ba shi da ido, bai san malami ba, bai san ɓarawo ba, kowa ya zo amsa ɗaya yake ba shi. Sarkin Ƙofa kuwa mutum ne mai hankali da aka ɗora wa nauyin dubawa da tambaya da yanke hukunci: wannan farke ne, a buɗe masa, wannan mai neman mafaka ne, a shigo da shi da iyalinsa, wancan kuwa a dakatar da shi har a sanar da fada. Aikinsa na da wahala domin yana iya kuskure ta fuska biyu. In ya buɗe wa maƙiyi ya ci amanar na ciki, in ya rufe wa wanda ake kora ya ɗauki alhakin na waje. Saboda wannan wahala ce ɗan Adam ke son ya sauke nauyin, ya miƙa shi ga bulo da waya mai ƙaya, ya ce shi ke nan na huta da tunani. To amma hutun nan tsadarsa ita ce a daina ganin mutum a matsayin mutum, a riƙa ganin sa a matsayin ƙabila ko addini ko jihar da ya fito.

Mun ga inda wannan hanya take kaiwa. A zamanin mulkin mallaka aka ware Sabon Gari a wajen ganuwar Kano domin baƙi daga kudu, aka yi irinsa a Zariya da sauran garuruwa. Mutane suka yi shekara da shekaru suna cin kasuwa ɗaya da rana, da dare kowa ya koma ɓangarensa, ba a san juna a suna da biki da jana'iza ba. Duk lokacin da fitina ta tashi a garuruwan nan, a kan wannan iyaka take bi, ko da yake ƙyamaren ƙofofin sun daɗe da daina rufuwa. Ke nan ana iya cire ƙyaure daga jikin gini amma a bar shi a cikin zuciya.

Amsata ga tambayar farko ita ce, ƙofa ta su biyun ce. Alkawari ce mai fuska biyu: ga na ciki, cewa ba za a bar mai cuta ya same ka kana barci ba, ga na waje, cewa in gari ya waye, ko in masifa ta koro ka, akwai wurin da za ka buga a amsa. Duk garin da ya riƙe rabin alkawarin ya saki rabi, ko dai ya zama kufai, ko ya zama kurkuku.

Haƙƙin Tsohuwar Ƙofa

Saura tambaya ta biyu. Tunda ƙofofin nan ba su tsare kowa a yau, me zai sa a bar su suna tare hanya? A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, aka gina sabuwa da siminti a madadinta. Ganuwar kanta an ci ta a wurare da yawa, an ɗebi ƙasarta, an yi gine-gine a kanta, duk da cewa tun 2007 aka sa ta cikin jerin wuraren da Nijeriya ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. Masu goyon bayan rusawa na da hujja: birni ya cika ya batse, motar asibiti ba ta iya bi ta ƙofar raƙumi, kuma rayayyen mutum ya fi tsohon tubali daraja. Wasu kuma na cewa, ai da ƙarfin talakawa da bayi aka gina ta, ta cikinta aka shigo da mutanen da aka kamo daga garuruwansu a ɗaure, to mene ne abin alfahari?

Hujja ta farko gaskiya ce, sai dai ba dole ne a zaɓi ɗaya a kashe ɗaya ba, tunda ana iya fasa sabuwar hanya a gefe a bar tsohuwar ƙofa a tsaye, kamar yadda aka yi a wasu wuraren a Kanon. Mutanen birnin Lubek na ƙasar Jamus sun taɓa shiga irin wannan muhawara. Suna da ƙofa mai suna Holstentor, wadda aka gina tsakanin 1464 da 1478, wato sa'ar ƙofofin Rumfa ce. Da jirgin ƙasa ya zo, aka rushe ta ƙarshe daga cikin sauran ƙofofin da ke kewaye da ita, ita ma aka kawo batun rushe ta gaban majalisar gari a 1863. Da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak ta tsira. A yau ita ce tambarin birnin, har ta taɓa hawa kan takardar kuɗin Jamus, kuma a goshinta akwai rubutu da Latinanci da ke yi wa gari fatan haɗin kai a cikin gida da zaman lafiya a waje. Mutum ɗaya da ya ɗaga hannu a ranar ya yi wa jikokin da bai sani ba kyauta. Abin da aka rushe kuwa ba ya dawowa. Ƙofar siminti mai tsohon suna kamar hoton mamaci ce, tana tuna maka shi amma ba za ta amsa maka sallama ba.

Hujja ta biyu kuwa, a ganina, dalili ce ta a bar ƙofar, domin shaida ce. Waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka ba a rubuta sunayensu a tarihin sarakuna ba, abin da ya rage na su a duniya shi ne wannan bango da sawun yatsunsu a jikinsa. In aka rushe shi, su aka sake binnewa. Mu mutanen gindin dutse mun san wannan ciwo ta wata fuskar, domin kakannin da yawa daga cikinmu tsoron mahara ne ya sa suka zauna a kan duwatsu. A Sukur da ke ƙasar Madagali, wurin da ya fara shiga jerin kayan tarihin duniya daga Nijeriya a 1999, har yanzu akwai hanyoyi da ƙofofin dutse da suka bari. Ganuwar Kano da duwatsun Sukur labari ɗaya suke bayarwa daga ɓangare biyu, kuma al'ummar da take son ta san kanta dole ta saurari duka biyun, mai daɗi da mai ɗaci.

Kammalawa

Kafin in bar Kano na shiga Gidan Makama, inda aka ajiye wasu daga cikin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni. Na tsaya ina kallon su jingine, babu abin da suke rufewa, babu abin da suke buɗewa, na tuna maganar dattijon nan cewa ba a naɗa Sarkin Bango. Haƙiƙa kowane magidanci Sarkin Ƙofa ne a gidansa, kowane mai unguwa haka, kowane jami'in da ke tsaye a shingen hanya ko a kan iyakar ƙasa haka, kuma kowannensu za a tambaye shi wa ya buɗe wa, wa ya rufe wa, da kuma dalili.

Da na dawo Wuro Patuji ban rushe katangarmu ba, ban kuma ba kowa shawarar ya rushe tasa ba. Abin da na roƙi mahaifina shi ne a cire kwaɗon zaure daga asuba zuwa isha'i, a mayar da tabarma da randar ruwa inda suke a da, mu kuma san sunayen ɗaliban da ke haya a layinmu da garuruwan da suka fito, mu je musu gaisuwa in an yi musu rasuwa. Ya yi shiru na wani lokaci, sannan ya ce, "To, Allah Ya tsare." Washegari da hantsi wani mai tallan rake da ban sani ba ya yi sallama, ya sha ruwa, ya ɗan huta a inuwa, ya yi godiya ya wuce. Allah Ya ji ƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu basirar gane wanda ke bakin ƙofa. Amin.